Gonar Auduga da Waƙar Mai Tuba

Jawabin da aka gabatar a gaban dattawan ikilisiya da 'yan ƙungiyoyin mawaƙa

  

An roƙe mu mu yi magana a kan tambaya guda: daga ina mawaƙi yake samo waƙarsa? Mun san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan kan magana. Da daɗewa muna jin gunaguni daga ɓangare biyu. Dattawa suna cewa waƙoƙin da yaranmu suke kawowa daga birni romo ne ba nama, kiɗa ya yi yawa, magana ta yi kaɗan, mutum ya tashi daga sujada bai riƙe ko kalma ɗaya ba. Matasa kuma suna cewa ƙauye ba shi da abin da za a yi waƙa a kai, in mutum yana so ya zama mawaƙi na ainihi dole ya tafi Jos ko Kaduna ko Abuja ya shiga situdiyo. Ba mu zo yanke hukunci tsakaninku ba. Labarin mutum ɗaya muka kawo, domin kowane ɓangare ya ɗauki rabonsa a ciki.

Mutumin Ba'amurke ne, sunansa Johnny Cash. Mu da muka tashi da rediyo a shekarun 1970 da 1980 muna tunawa da muryar Jim Reeves da ta Don Williams, masu irin kiɗan nan na mutanen karkarar Amurka da ake kira kantiri. Cash yana cikin manyan wannan fanni, an sayar da faifansa fiye da miliyan 90 a duniya. Mun zaɓe shi domin ɗan manomi ne kamar yawancinmu, Kirista ne da aka yi wa baftisma a kogi, ya yi mummunar faɗuwa, ya tashi, ya kuma sāke faɗuwa, bai kuwa ɓoye wa jama'a ba.

1. Ƙasar da ta rene shi

An haife shi ranar 26 ga Fabrairu 1932 a garin Kingsland, cikin jihar Arkansas a kudancin Amurka. A lokacin tattalin arzikin ƙasar ya karye, farashin auduga ya faɗi warwas, manoma da yawa sun rasa gonakinsu. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi wani babban fili mai fadama, ba nisa da Kogin Misisipi, ta kafa ƙauyen manoma a 1934 mai suna Dyess, domin iyalai kusan 500. Iyalin Cash suka koma can a watan Maris 1935, yaron yana da shekara 3. Aka ba su gida mai ɗaki 5, da gona eka 20, watau kimanin kadada 8, da alfadari, da saniya. Bashi ne aka ba su, za su biya daga amfanin gona. Filin ma daji ne, sai da aka sassabe shi aka tumɓuke kututture kafin a yi shuka.

Mutanen Funtuwa da Gusau da Malumfashi ba sa bukatar a gaya musu wahalar auduga. Tun yana ɗan shekara 5 yaron yake aiki a gona, da ya tasa kuma ya shiga tsinkar auduga, yana jan dogon buhu daga safe har faɗuwar rana, ƙayar kwanso tana tsaga masa yatsu. Suna aikin suna rera waƙoƙin sujada tare da mahaifiyarsu Carrie. Da dare kuma su kewaye rediyo mai batir. Sa'ad da muryarsa ta yi kauri, mahaifiyar ta ji shi yana waƙa, ta gaya masa baiwa ce daga wurin Allah, ya riƙe ta da kyau. Har wankau ta yi domin ta biya masa kuɗin koyon waƙa. Bayan darasi 3 malamar ta sallame shi, ta gargaɗe shi kada ya yarda kowa ya canja masa yadda yake waƙa.

Abubuwa biyu sun faru a Dyess waɗanda suka bi shi har kabari. Na farko ambaliya ce. A watan Janairu 1937 ruwa ya malale ƙauyen, dole iyalin suka bar gida na ɗan lokaci. Bayan shekara 22, watau a 1959, ya fitar da waƙa a kan wannan ambaliya mai suna Five Feet High and Rising, ma'ana ruwa ya kai ƙafa biyar yana kuma ƙaruwa. Ginin waƙar mai sauƙi ne ƙwarai: yaro yana tambayar iyayensa inda ruwan ya kai, suna ba shi amsa, kowane baiti ruwan ya ƙaru. Abin da ya lissafa a ciki kayan gidan manomi ne, kaji da saniya da amyar zuma. Babu babbar kalma ko ɗaya, amma duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon ruwa yana cin gonarsa zai gane waƙar nan take. Cash yakan ba da labari cewa da ruwan ya janye sai suka tarar ya bar musu baƙar laka mai taki a gonar, shekara mai zuwa suka sami audugar da ba su taɓa samun irinta ba.

Na biyu mutuwa ce. A watan Mayu 1944, yana da shekara 12, yayansa Jack ya tafi aikin tsaga katako da injin zarto domin ya samo wa gida ɗan kuɗi. Ƙanen ya roƙe shi su tafi kamun kifi, ya ƙi. Zarton ya kama shi a ciki, ya yi mako guda yana jinya, ya rasu. Jack yaro ne mai son Littafi Mai Tsarki, burinsa ya zama mai wa'azi. Cash ya rayu yana ɗauke da wannan baƙin ciki, yana kuma zargin kansa. A cikin shekarar nan ta 1944 ne ya ba da ransa ga Almasihu a cocin Baptis na ƙauyen, aka yi masa baftisma a Kogin Tyronza.

'Yan'uwa, mu lura da abu guda kafin mu wuce. Tun yaron nan bai mallaki jita ba, tun bai san ƙofar situdiyo ba, rumbunsa ya riga ya cika. Gumi yana ciki, da bashi, da ruwan ambaliya, da makoki, da waƙoƙin mahaifiyarsa. Shekara kusan 50 ya yi yana waƙa, daga wannan rumbu yake ɗiba.

2. Birni, suna, da ƙwaya

Ya gama makaranta a 1950, ya ɗan taɓa aiki a masana'antar motoci a jihar Michigan, sa'an nan ya shiga sojan sama. Aka tura shi Landsberg a ƙasar Jamus, a can ya sayi jitarsa ta farko. Ya komo a 1954, ya yi aure, ya zauna a birnin Memphis yana tallar kayan lantarki gida-gida. Ya je wurin Sam Phillips, mai kamfanin faifai na Sun, da niyyar yin waƙoƙin bishara. Mutumin ya ce masa waɗannan ba su da kasuwa a wurinsa, ya kawo wani abu dabam. Haka aka yi. Faifansa na farko ya fito a 1955, kafin ƙarshen 1956 sunansa ya cika ƙasar. A 1958 ya koma kamfanin Columbia, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne sun yarda ya yi faifan waƙoƙin sujada. A 1959 ya fitar da shi, ya kuma fitar da wani a kan ƙasa da manoma, inda waƙar ambaliyar nan take.

Domin haka, ku matasa, ba mu ce birni haramun ne ba. Da bai je Memphis ba, da ba mu ji muryarsa ba. Birni ya ba shi na'ura da kasuwa. Abin da ya zuba a cikin na'urar kuwa daga Dyess ya taho da shi.

Amma birni ya ba shi wani abu kuma. Mawaƙan lokacin sukan yi wasa a wannan gari yau, su kwana suna tuƙi, gobe su yi a wani. Cikin wannan gajiya aka fara ba shi ƙwayar hana barci mai suna amfetamin. Da ta hana shi barci sai ya nemi wata ta sa barci. Da haka ya zama bawan duka biyu. Wannan ba baƙon labari ba ne a gare mu. Mun ga abin da taramol ya yi wa samarinmu, mun kuma tuna cewa sai da gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018 saboda yawan masu shansa. A rubuce, tsakanin kwaya da ƙwaya 'yar ƙugiya ce kawai a kan harafi ɗaya, kuma waɗansu 'ya'yanmu sun tsallaka daga wannan zuwa waccan muna zaune muna kallo.

A nan akwai abin da muke so dattawa su ji da kyau. A 1958 Cash ya kwashe iyalinsa zuwa Kalifoniya, a 1961 suka tare a gidan da ya gina a kan tudu a wani ɗan ƙauye mai suna Casitas Springs. Ga duwatsu, ga iska mai kyau, ga shiru. A can ne kuwa ya fi lalacewa. A watan Yuni 1965 motarsa ta tā da gobara a gandun dajin gwamnati, ta cinye eka fiye da 500. A watan Oktoba na shekarar aka kama shi a El Paso, bakin iyakar Meziko, da ƙwaya fiye da 1,000 cikin kayansa. A 1966 matarsa, uwar 'ya'yansa mata 4, ta nemi a raba auren. Sau 7 a rayuwarsa ya kwana a hannun 'yan sanda. Yana zaune a karkara duk wannan ya faru. Mu kan ce in yaro ya lalace a birni a mai da shi ƙauye wurin kakarsa zai shiryu. Daji kaɗai ba ya warkar da kowa, 'yan'uwa, kuma ƙwaya ta riga mu isa ƙauye.

3. Komowa

Shekarar 1967 ce ta zama mahaɗar hanya. Bisa ga shaidar da shi kansa ya bayar, a watan Oktoba ya shiga wani kogo mai suna Nickajack a jihar Tennessee da niyyar ya ɓace a ciki ya mutu. Ya yi ta rarrafe har fitilarsa ta mutu, ya kwanta cikin duhu, sai ya ji a ransa cewa ranar mutuwarsa ba a hannunsa take ba, a hannun Allah take. Ya bi 'yar iska har ya fito. Wani marubucin tarihinsa, Robert Hilburn, a littafin da ya fitar a 2013, ya yi shakkar wannan labari, ya kuma nuna cewa Cash bai rabu da ƙwaya gaba ɗaya a lokacin ba. Mun faɗi wannan da gangan, domin mu ma muna da halin ƙara wa shaida gishiri, mu mai da tafiyar shekaru ta zama abin dare ɗaya. Aikin Allah ba ya bukatar ƙarin gishirinmu.

Ga abin da ba a gardama a kai. Wata mawaƙiya mai suna June Carter, tare da iyayenta Ezra da Maybelle, suka tare a gidansa na bakin tafki a Hendersonville, kusa da birnin Nashville, har kimanin wata guda. Likita yana zuwa duba shi. Suka tsare ƙofa, suka kori masu kawo masa ƙwaya, suka jure ihunsa da fushinsa sa'ad da jiki yake neman abin da ya saba, suna yi masa addu'a. Mutane ne masu suna da sana'a, amma suka ajiye kome suka zauna da shi.

Ranar 13 ga Janairu 1968 ya shiga kurkukun Folsom a Kalifoniya ya yi wa fursunoni waƙa, aka ɗauka a faifai, faifan ya farfaɗo da sunansa. Ranar 1 ga Maris ya auri June. A 1971 ya tashi a tsakiyar jama'a a wata ƙaramar majami'a a Nashville, ya fita gaba ya sabunta alkawarinsa da Ubangiji. Ya yi abota da mai bishara Billy Graham, yana waƙa a tarurrukansa. A 1973 ya fitar da fim a kan rayuwar Yesu wanda ya ɗauka a ƙasar Isra'ila da kuɗin aljihunsa, a 1986 ya rubuta littafi a kan tuban Manzo Bulus, a 1990 kuma ya karanta Sabon Alkawari dukansa aka ɗauka a faifai.

To, me wannan sabuntawa ta yi wa waƙarsa? Gona ta riga ta ba shi abubuwan da zai ambata da harshen da talaka yake ji. Faɗuwa da tashi suka ba shi izinin yin magana da waɗanda suke ƙasa, gama ya san ɗanɗanon wurin. Fursunonin Folsom sun karɓe shi domin bai tsaya a kansu kamar alƙali ba. A 1971 ya yi waƙa mai suna Man in Black, watau mai baƙaƙen kaya, inda ya bayyana cewa yana sa baƙi ne domin tunawa da matalauta da ɗaurarru da waɗanda duniya ta manta da su. Bai tsaya a waƙa ba, a 1972 ya je gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi magana a kan gyaran gidajen yari. Da a ce ya tuba ya koma yin waƙoƙin da suke nuna shi tsarkakakke ne tun daga ciki, da ya yi hasarar abin da ya saya da tsada.

4. Gonar Bon Aqua, da sāke faɗuwa

A farkon shekarun 1970 ya mallaki wata gona mai eka 107 a Bon Aqua, yamma da Nashville, da wani tsohon gidan katako a ciki wanda aka gina tun kafin yaƙin basasar Amurka. In ya komo daga yawon waƙa a gajiye, can yake tafiya, sau da yawa shi kaɗai. Ya dafa abincinsa da kansa, ya kula da lambu, ya yi karatu, ya yi rubutu. Fiye da shekara 30 yana komawa wannan wuri.

Mu gwada wannan da zamansa na Kalifoniya. Dukansu karkara ne. A na farko ya je ne domin ya ɓuya wa iyalinsa da lamirinsa, shirun wurin ya zama masa mafakar zunubi. A na biyu ya je da zuciyar da ta riga ta rusuna, shirun ya zama masa wurin sauraro. Ruwan sama iri ɗaya ne yake sauka a kan gonar da aka shuka da wadda aka bari, abin da yake cikin ƙasar shi yake tsirowa.

Da a tatsuniya ne, da a nan za mu ce ƙurunƙus. Amma a farkon shekarun 1980 wata jimina da yake kiwo ta kai masa hari, ta karya masa haƙarƙari, ta ji masa ciwo a ciki. Aka ba shi maganin kashe zafi, tsohon ciwo ya tashi. A 1983 ya kwanta a cibiyar Betty Ford ta masu fama da shaye-shaye. Ya sāke neman irin wannan magani a 1989, da kuma 1992. Mutumin da ya tsaya kusa da Billy Graham a gaban dubban mutane, shi ne wannan. A 1986 kamfanin Columbia ya sallame shi bayan kusan shekara 30, aka ɗauka zamaninsa ya wuce. Matarsa da abokansa na bangaskiya ba su sallame shi ba.

5. Littafin waƙoƙin mahaifiyarsa

A 1993, yana da shekara 61, wani mai shirya faifai mai suna Rick Rubin ya ce masa ya zauna da jitarsa kawai ya rera abin da yake so. Babu ganga, babu 'yan amshi. An ɗauki waɗansu a falon Rubin, waɗansu a wata bukkar katako da Cash ya gina cikin itatuwa kusa da gidansa. Faifan ya ci lambar Grammy, matasan da ba a haife su ba sa'ad da ya fara waƙa suka rungume shi. A 2002 ya fitar da waƙa a kan komowar Almasihu da ranar shari'a, wadda ya ɗebo daga littafin Wahayin Yahaya, ya ce bai taɓa daɗewa a kan rubuta wata waƙa kamarta ba.

Cikin shekarun nan na ƙarshe ya ɗauko tsohon littafin waƙoƙin sujada na mahaifiyarsa, wadda ta rasu a 1991, ya zaɓi 15 ya rera da jita kaɗai. Su ne irin waɗanda suka rera a gonar auduga. Ya ce cikin dukan faifan da ya yi, wannan ya fi so. June ta rasu ranar 15 ga Mayu 2003, shi kuma ya bi ta ranar 12 ga Satumba na shekarar, yana da shekara 71. Gidan nan na Dyess, jami'ar jihar Arkansas ta gyara shi ta buɗe wa masu ziyara a 2014. Mutane suna tahowa daga nesa su ga ɗan gidan katako a tsakiyar gonaki.

6. Rabonmu a cikin labarin

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun riga sun ga kama. Dawuda makiyayi ne kafin ya zama sarki, daga kiwo ya samo harshen Zabura 23. Zabura 51 kuwa ta fito ne bayan da annabi Natan ya tone masa zunubinsa. Da bai yi kiwo ba da ba mu sami ta farko ba, da ya ɓoye faɗuwarsa da ba mu sami ta biyu ba.

Ku 'yan ƙungiyar mawaƙa, rabonku ke nan. Kada ku raina rumbunku. Wanda ya taɓa shuka sau uku a damina ɗaya saboda ruwa ya ɗauke, wanda ya ga mahaifiyarsa tana auna sauran dawa a watan Agusta tana lissafin kwanaki, wanda ya kwana a gona yana gadin amfani, wanda ya binne ɗan'uwa, wannan ba zai ce ba shi da abin waƙa ba. Ku je situdiyo in Allah ya buɗe hanya, ku koyi jita da kibod da kyau, gama aikin Ubangiji ba ya son ganda. Amma in kun aro kalmomin wani mawaƙin Legas ko na Amurka kun jera, za a yi rawa a manta. Ku dubi iyayenku mata na Zumunta, da tulu da caki kawai suke sa majami'a ta yi tsit, domin abin da suke faɗa sun taɓa shi da hannunsu. Kada kuma ku rera nasarar da ba ku samu ba tukuna. In har yanzu kuna kokawa, ku yi waƙar mai kokawa, akwai mutane da yawa a benci da suke jiranta.

Mu dattawa da fastoci, rabonmu ya fi ɗaci, kuma za mu fara da kanmu. A wata ikilisiya da muka yi hidima akwai wani saurayi da yake jagorar mawaƙa. Ya taɓa yin waƙa a kan farin da aka yi wata shekara, har ikilisiyoyin kewaye suka ɗauka. Ya tafi birni neman yin faifai, bayan shekara biyu ya komo a rame, yana shan ƙwaya. Muka zauna da dattawa, muka sa shi ƙarƙashin horo, muka sanar ranar Lahadi, ya koma bencin baya. Bisa ga tsarin ikilisiya ba mu yi kuskure ba. Amma wata shida suka wuce, ko ɗayanmu bai taka ƙofar gidansu ba. Muna jiran ya gyaru ya zo ya same mu. Mahaifiyarsa da waɗansu mata biyu na Zumunta su ne suka zauna da shi, suka sayar da akuya suka kai shi asibiti, suka yi ta karɓa-karɓa wajen kwana da shi. Ranar da muka je daga baya, ɗayarsu ta dube mu ta ce, “Baba Fasto, sai yau?” Ba mu sami amsa ba.

Yaron ya tashi. Waƙar da ya yi bayan haka a kan akuya ce da ta tsinke igiya ta shiga gonar mutane, mai ita ya bi sawu, ya biya ɓarnar da ta yi, ya ɗauko ta ya komo gida. Mun yi shekaru a makarantar tauhidi muna koyon ma'anar fansa, ba mu taɓa bayyana ta sarai kamar yadda wannan yaro ya yi ba. Za mu kuma gaya muku gaskiya, ya sāke zamewa sau ɗaya bayan haka. A karo na biyu ba mu jira wata shida ba.

Saboda haka muna kawo shawara huɗu a gaban wannan taro, dattawa su duba.

Ta farko, kowace ƙungiyar mawaƙa ta shirya sabuwar waƙa tata ta kanta domin godiyar kaka, a kan abin da ya faru a daminar shekarar, cikin Hausa ko harshen garin.

Ta biyu, matasa masu waya su zauna da tsofaffinmu su ɗauki waƙoƙin da suke rerawa a gona da wurin niƙa da sujada, tun suna da rai. Cash ya sami littafin mahaifiyarsa a rubuce. Yawancin na iyayenmu a ka suke, ranar da aka binne su an binne littafin.

Ta uku, duk ranar da majalisar dattawa ta sa wani ƙarƙashin horo, a ranar nan a rubuta sunan dattawa biyu da za su riƙa ziyartarsa kowane mako. In shaye-shaye ne a haɗa da asibiti, gama addu'a da likita ba kishiyoyi ba ne.

Ta huɗu, kada mu yi hanzarin miƙa wa sabon mai tuba makarufo domin ya ba da shaida mai daɗin ji. A ba shi lokaci, a bar shi ya yi aiki da hannunsa, ya yi shiru a gaban Allah. Waƙar za ta zo a kan kari, kuma za ta fi nauyi.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'ya'yanmu na gida da na birni, ya komo da waɗanda suka ɓata, ya kuma ba mu ƙafafun zuwa nemansu. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.